Ƙofar da Ba Ta Jiran Makara

Waɗanda ba su san ƙasar Kura da Bunkure ba kafin ruwan Tiga ya iso, da wuya su gane yawan abin da aka kawar kafin a shimfiɗa hanyoyin ruwan da ake gani a yau. An gama madatsar a 1974, amma tun kafin nan katafiloli suke baje ƙasa, suna shafe iyakokin gonakin gado, suna tumɓuke ɗorawa da kuka. An ta da ƙauyuka, aka sake musu mazauni a kan tudu. Matattu ne kaɗai ba a iya tayarwa ba.

Haka ta faru da Kwarin Maje, wani ɗan gari na manoma da Fulanin zaune. Da aka yanka wa wani kamfanin 'yan kwangila fili domin noman irin alkama, sai tsohuwar maƙabartar garin ta faɗa cikin filin. Kamfanin ya kewaye wurin da waya, aka yi magana ta baka da dattawa cewa za su riƙa bi ta ƙofar gabas, inda motocin ɗaukar iri ke shiga, su kai mamatansu. Shekarun shigowar kuɗin mai ne, lokacin da duk abin da aka gani a ƙasar waje ake sayowa. Saboda haka ƙofar gabas ba irin wadda ake turawa da hannu ba ce. Ganye ɗaya ne na ƙarfe, mai faɗin da babbar mota za ta wuce, da akwatin inji a gindin ginshiƙi, da wani hannun ƙarfe mai gwiwa da ke jan ta. Mai gadi zai danna maɓalli a ɗakinsa, ta buɗe, ta ɗan tsaya gwargwadon wucewar mota guda, sannan ta rufe da kanta.

A bazarar 1977, bayan an yanke alkama, ƙofar ta rufe ta ƙi buɗewa. Aka aika a kira Sammani.

Sammani mutumin Madobi ne, mai gyaran wutar lantarki da injuna a garejin kamfanin. Ɗan aiken ya same shi a zauren surukansa a Kwarin Maje, washegarin sadakar uku ta matarsa, Baraka. Ta zo gida goyon ciki, ta haifi ɗa namiji, jini ya ƙi tsayawa, kafin a samo motar zuwa Kura ta cika. Tun daga ranar, in aka ce wa Sammani ya zauna sai ya zauna, in aka miƙo masa fura ya sha. Ya amsa gaisuwar mutane har bakinsa ya saba, yana jiran wani abu ya motsa a ƙirjinsa, abin bai motsa ba. Da ɗan aiken ya faɗi saƙonsa, mutanen zaure suka ce haba, ai ba a kiran mutum aiki daga kan tabarmar makoki. Shi kuwa tuni ya sa takalmansa.

A ofis, Manaja Malam Hammadu ya miƙe ya yi masa ta'aziyya, ya kuma ba shi haƙuri a kan kiran. Mutum ne mai kunya, ya yi karatun noma mai zurfi, kuma bai iya ɓoye magana ba.

“Malam Sammani, ba zan rufe ka ba,” in ji shi. “Jiya manyanmu sun zo daga Kano, sun tarar da motocin iri a tsaye. Sun ce ƙofar nan ta cika lalacewa, kuma tun da ba a jin haka a sauran gonakinsu, to daga mutanen gari ne. Sun ce a gano dalili. In ya tabbata hannun mutane ne, a yi mata walda, motoci su koma ƙofar yamma ta bakin kwalta.”

“Maƙabartar fa, ranka ya daɗe?”

“Sun ce gari ya nemi sabon fili.” Ya kawar da kai. “Ni dai abin da ka gaya mini shi zan kai. Ka duba da kyau.”

Kayan aikinsa suna ɗakin da ya sauka a gidan surukan, don haka ya koma ya ɗauka. Maganar walda ta riga shi isa, domin direbobi sun baza ta tun daren jiya. Yana ɗaure jakar a bayan keke sai ya ji muryar Inno, uwar Baraka, daga bayan asabari. Tun da ya auri 'yarta ba su taɓa haɗa ido ba, ba ta kuma taɓa kiran sunansa ba. Sunan Baraka ma ba ta faɗa, kasancewarta 'yar fari.

“An ce za a toshe hanyar,” in ji ta.

“Haka aka ce, Inno. Ba a yanke ba tukuna.”

“Ni mace ce, ba ni zuwa can ko a buɗe take. Amma uban yarinyar nan yana ciki, kakanninta suna ciki, ni ma can nake sa rai.” Jaririn ya yi ɗan kuka a cikin ɗaki, ta jijjiga shi. “Ranar da wannan ya yi wayo ya ce a nuna masa inda uwarsa take, ta ina za a bi da shi?”

Sammani ya tsaya riƙe da keke.

“Zan duba,” ya ce.

Mai gadin ƙofar gabas Jaji ne, wani dogon tsoho Bafulatani wanda farin 1973 ya cinye masa garke, ya karɓi aikin gadi yana ƙyamarsa. A da, in ya hango Sammani, tun daga nesa yake ɗaga murya: “Ga likitan ƙarfe! Kaɗo, zo ka ba 'yarka magani!” Yau sai ya tashi daga buzunsa ya kama hannunsa.

“Ya ƙarin haƙuri?”

“Da godiya, Baffa.”

“Allah ya jiƙan ta. Yarinya mai kirki.” Ya saki hannunsa. “Ka ji Hambali mai albasa ya cika da hantsin nan? Bayan azahar za a kawo shi.”

Sammani ya dubi ƙofar, ya dubi rana. Ya durƙusa ya kwance murfin akwatin.

Ya fara daga inda ake farawa. Janaretan gona yana aiki, ana jin bugunsa daga can wajen sito. Ya zare fiyus ya ɗaga shi sama, zaren ciki bai tsinke ba. Ya ɗauko kwan fitilar da ya ɗaura wa wayoyi biyu, ya taɓa bakin wutar da ke shigowa, kwan ya kama. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ko gara ta ci ko ɓera ya gutsure. Ya tarar da busasshen ƙadangare a lungu, ya jefar, amma ƙadangaren bai taɓa komai ba. Ya latsa ƙananan makunnan nan biyu da ke gaya wa injin ya tsaya in ƙofa ta kai ƙarshe, kowanne ya yi ƙas yadda ya kamata.

“Baffa, danna.”

Jaji ya shiga ya danna. Injin ya yi gurnani, akwatin ya ɗauki rawa, hannun ƙarfen bai motsa ba. Sammani ya ɗora tafinsa a jikin injin, ya ji ɗumi yana hawa, ya ce a kashe. Ya sunsuna, babu ƙaurin waya. Injin da ransa ke nan, wani abu ne ya riƙe shi.

Tsakanin injin da hannun akwai wata ƙusa mai laushi, wadda aka yi ta musamman don ta karye in an yi wa ƙofar nauyin da ya fi ƙarfinta. Sau da yawa a baya ita ce ke karyewa. Sammani kan zo ya sa sabuwa, ya tambayi Jaji me ya faru, Jaji ya ce, “Ta karye ne,” shi ke nan ya hau kekensa. Yau ya tarar ƙusar ba ta karye ba, lanƙwasa ta yi ta maƙale. Ya buge ta da guduma ta fita, ya kwance tukunyar ƙarfen da ke bayanta, ya kwashe baƙin giris da tsumma. Giris ɗin yana ƙyalli da garin tagulla. A ciki akwai faifai na tagulla mai haƙora, wanda injin ke juyawa. Haƙoran wuri ɗaya sun kwanta kamar dawar da iska ta bi ta kai, wasu sun guntule, gutsuren ɗaya ya shiga tsakani ya cije.

Ya wanke faifan da kananzir, ya juya shi a rana. Lalacewar tsufa tana cin haƙora daidai wa daida ne, ko'ina. Wannan wuri guda ne, kuma duk sun kwanta gefe ɗaya. Ya gwada da hannun ƙarfen, ya ga wurin ya yi daidai da lokacin da ƙofa ta fara rufewa.

“Baffa,” ya ce, bai ɗaga kai ba, “riƙe ta ake yi.”

Jaji ya daɗe yana gyara zaman rawaninsa.

“Ƙofar nan ba ta da tarbiyya,” ya ce daga baya. “Ɗan maraƙi ya fi ta hankali, shi ko tsawa aka yi masa yana tsayawa. Ka san yadda ake tafiya da gawa. Makara a gaba, ana karɓeɓeniya, kowa yana so ya sa kafaɗa. Malamai a baya, tsofaffi masu sanda a bayansu. Makara ba ta gama shiga ba, sai wannan abu ta taso. In na danna ba ta ji, sai ta rufe ruf tukuna. To, a raba mamaci da masu raka shi? Rabi a ciki rabi a waje suna jiran ƙarfe ya ga dama? Ba a taɓa yi ba. Sai samari su sa kafaɗa su tokare ta har na ƙarshe ya wuce.”

“Ba ka taɓa gaya mini ba.”

“In gaya maka ka gaya wa wa? Kai ɗan kamfani ne. Mun ce in aka ji za a hana mu hanya.” Ya nuna faifan da haɓa. “Ga shi an ji ɗin.”

“Wannan karon yaushe ne?”

Jaji ya dube shi.

“Kai ma ta nan ka wuce, ɗana. Ranar taku ce. An yi jama'a, ga mutanen gari, ga na Madobi, ga 'yan gareji. Mutum shida suka tokare ta, har da ni da tsufana. Tana ta kuka muna riƙe. Kana tsakiya, ka wuce ta gabana kamar haka.”

Sammani ya yi ƙoƙarin tunawa. Ya tuna dugadugan mutumin da ke gabansa, masu kaushi. Ya tuna an ce masa ya fara zuba ƙasa. Ƙofar da ya sha gyarawa da hannunsa kuwa, da kukanta da mutanen da ke jikinta, babu ko alamarsu a kansa. Ya ajiye faifan a kan tsumma.

“Sai ka ce masa tsufa ne,” in ji Jaji, ya sassauta murya. “Ka ce ƙarfen banza suka sayo. Wa zai sani? Manaja ya san alkama, bai san tagulla ba.”

“In na sa sabo, za a sake riƙewa.”

“Za a sake.”

“To zai sake karyewa.”

Ya hau keke zuwa sito. Kamfanin ya sayo injin ƙofa biyu ne tun farko, na biyun domin ƙofar yamma, ba a taɓa ɗaurawa ba. Yana nan cikin akwatin katakon da ya zo da shi ta jirgin ruwa, an ɗora masa buhunan taki. Mai sito ya taya shi sauke buhunan, suka ɓalle katakon. Sammani ya sunkuya zai kwance tukunyar don ya zare sabon faifai. Sai ya ga wani abu naɗe cikin takarda mai maiƙo, an ɗaure shi da waya a jikin injin. Ya warware. Ɗan guntun ƙarfe ne mai mariƙi, bakinsa mai kusurwa huɗu. A gefen tukunyar akwai wani ɗan murfi da aka shafe da fenti. Ya kankare, ya buɗe, ya ga rami mai kusurwa huɗu. Ya zura ƙarfen ya murɗa, sai ya ji faifan ya saki, hannun yana lilo ba tare da injin ba. Ya murɗa baya, faifan ya sake kamawa. Na ƙofar gabas ma lalle ya zo da irinsa, sai dai Baturen da ya ɗaura ta ya koma ƙasarsu tun bara waccan, ba wanda ya san inda ya ajiye.

Ya zare sabon faifan, ya sa ƙarfen a aljihu. Bai ji daɗi ba, bai ji komai ba. Ya lura dai rana ta kusa tsakiya.

Ya koma ya wanke tukunyar tas, ya tsince gutsattsarin tagulla da filaya, ya zaunar da sabon faifan, ya cika giris. Ya sa sabuwar ƙusa mai laushi. Ya kankare fentin ɗan murfin nan na gefe. Aka kira azahar, shi da Jaji suka yi salla a inuwar ɗakin gadi. Da suka idar ya ce a danna. Ƙofar ta buɗe sumul, ta tsaya, ta rufe.

Ana haka motar Manaja ta tsaya. Malam Hammadu ya fito, ya kalli ƙofar tana tafiya, ya yi hamdala, sannan ya yi tambayar da ya zo yi.

Sammani ya miƙa masa tsohon faifan, ya nuna masa haƙoran da suka kwanta.

“Riƙe ta aka yi, ranka ya daɗe, tana rufewa.”

Jaji ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya juya baya.

“Su wa?”

“Masu kai gawa. Ba ta jira su gama wucewa. Wannan a jana'izar iyalina ne.”

Malam Hammadu ya juya faifan a hannunsa, giris ya ɓata masa yatsu. “Ka san abin da wannan magana za ta jawo?”

“Na sani.”

Kafin ya sake cewa wani abu, suka jiyo sautin tafiyar mutane da yawa a kan gaɓar hanyar ruwa. Makarar Hambali ce a kan kafaɗu, an lulluɓe ta da tabarma, jama'a na biye har can inda gonakin tumatir suka fara. Jaji ya dubi Manaja, Manaja ya ɗaga masa kai, Jaji ya shiga ya danna. Ƙofar ta buɗe. Tun makarar ba ta iso ba, waɗansu samari suka zame daga cikin sahu suka nufo ganyen ƙofar suna naɗe hannun riga. Babu wanda ya umarce su, kowa ya san wurin tsayawarsa.

“Ku bari,” in ji Sammani.

“Malam, yanzu za ta taso,” in ji ɗaya.

“Ku bari.”

Ya durƙusa ya zura ƙarfen ya murɗa. Lokaci ya cika, injin ya tashi ya yi 'yar juyawarsa a cikin akwati shi kaɗai, Sammani ya kashe shi. Ƙofar tana nan a buɗe. Samarin suka tsaya da kafaɗunsu a karkace, suna jiran nauyin da bai zo ba. Makarar ta shiga. Malamai suka shiga. Mutane suka yi ta wucewa, har wani tsoho makaho da ake ja wa sanda, wanda ya zo can ƙarshe bayan kowa, ya wuce a hankali yadda ƙafafunsa suka ba shi.

Malam Hammadu ya goge hannunsa da hankici. Jana'iza ta wuce ta gabansa, shi kuwa Musulmi ne, don haka ya bi bayan makahon.

Sammani ya tsaya a gindin ginshiƙi. Da aka gama, mutane suka fito, Manaja ya fito da ƙasa a gwiwar wandonsa. Ya miƙa hannu, Sammani ya ba shi ƙarfen. Ya tambayi inda aka samo, aka gaya masa.

“Tun ran da aka ɗaura ƙofar nan ya kamata a ce wannan yana hannun mai gadi,” in ji shi. “Mu muka yi wa mutane alkawarin hanya, muka sa musu abin da ba ya jira. Haka zan faɗa a Kano, in kuma kai musu faifan su gani. Muddin ina wurin nan ba za a yi walda ba.” Ya juya. “Baba Jaji, riƙe. Malam Sammani zai nuna maka yadda ake yi.”

Jaji ya karɓa da hannu biyu, ya jinjina nauyinsa.

“Ɗan wannan abu?” ya ce. “Shi ne muka yi ta karya kafaɗa a kansa? Kai, Kaɗo, da ka san da shi ka bar ni ina dambe da ƙarfe!”

“Yau na gan shi, Baffa.”

Ya nuna masa sau biyu, yadda ake saki da yadda ake mayarwa. Jaji ya tsinke wani zare daga gefen buzunsa ya rataya ƙarfen a wuya tare da layunsa. Motar Manaja ta tafi.

Sai Sammani ya shiga. Maƙabartar tana bayan sito, tsakanin wayar shinge da wata ƙaramar hanyar ruwa. Zazzaɓi ya yi ɓarna a garin a wannan shekara, sababbin kaburbura sun yi yawa, duk jar ƙasa iri ɗaya, duk da ƙaya a kai. Ya bi ta tsakaninsu, ya dawo, ya sake bi. Bai gane ba. Ya tsaya hannuwansa na rataye, baƙi ƙirin da giris.

Jaji ne ya zo ta bayansa ya kama masa gwiwar hannu, ya ja shi gaba kaɗan.

“Ga ta nan. Kusa da ubanta. Ka ga kututturen majen can? Ka sa shi a damanka, ka fuskanci alƙibla. Fasasshen tulun nan ni na kafa.”

Sammani ya durƙusa ya karanta abin da ake karantawa. Bakinsa ya yi aikinsa har ƙarshe. Ya dubi kututturen, ya dubi tulun, ya dubi alƙibla, ya sake dubawa yadda yakan haddace wayoyi kafin ya kwance su.

Da suka fito, Jaji ya murɗa ƙarfen da kansa, ya kunna injin, ƙofar ta rufe. Sammani ya tattara kayan aikinsa, ya ɗaure jaka.

A gidan surukansa ya jingina keke, ya tsaya daga wajen asabari ya yi sallama.

“Inno, an gyara. Hanyar tana nan.”

Yana jin numfashin jaririn.

“To,” in ji ta. “Akwai ruwa a buta. Ka wanke hannu a miƙo maka shi.”

Ya tsuguna a gindin zana yana cuɗa hannuwansa da toka. Giris ɗin ya shiga ƙarƙashin farce, ya ƙi fita.